Shirin Kulob ɗin Unguwa Kafin Gasa: Aikin Mako Shida Daga Taron Farko Zuwa Busa Usur

Ranar farko ta tirenin a yawancin filayen unguwa kusan kala ɗaya ce. Yara sun dawo daga hutun wata ɗaya ko biyu, koci ya rataya usur ya ce a zagaye fili sau ashirin, a yi tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga, sannan a raba riguna a buga sha ɗaya da sha ɗaya har a kira Magariba. Kafin kwana uku, wannan na ɗingishi, wancan bayan cinyarsa ya riƙe, wasu huɗu sun ɓace ba ko sallama. Sai a ce yaran yanzu ba su da juriya.

Laifin ba na yaran ba ne. Ɗan wasan Kano Pillars idan ya gama tirenin zai ci abinci ya kwanta. Naku kuwa daga garejin kanikanci ya taho, ko daga shago a Kantin Kwari, ko ya wuni a kan A Daidaita Sahu, ko daga aji. Da gajiyarsa yake shigowa fili, kuma gobe da sassafe zai koma neman abinci. Duk shirin da bai yi lissafin wannan ba zai karya yara tun kafin gasa ta fara. Abin da ke tafe tsari ne na mako shida, wanda ake ƙara nauyi a cikinsa kaɗan-kaɗan, kuma mafi yawan aikin da ƙwallo ake yin sa.

Taro kafin a taɓa ƙwallo

Ku samo ranar wasanku na farko daga masu shirya gasa, ku ƙirga mako shida baya: ranar fara tirenin ke nan. Ku ƙara mako ɗaya baya, ranar taro ke nan. A taron nan abu huɗu za a yanke.

Na farko, yawan 'yan wasa. Ku riƙe mutum 22 zuwa 25, uku daga ciki masu tsaron gida. Ƙasa da ashirin, zazzaɓi da tafiya da biki za su bar ku ba benci. Sama da talatin kuwa, goma ba za su taɓa buga wasa ba, kuma daga cikinsu ƙorafi da gulma ke tasowa.

Na biyu, rabon aiki. Koci ya tsaya ga fili. Tim manaja ya riƙe rajista, mota da hulɗa da masu gasa. Ma'aji ya riƙe kuɗi da littafi. A sami mai kula da kaya, a kuma sami mutum ɗaya da zai koyi taimakon gaggawa, ko da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ne na unguwa da ke son ƙwallo. Inda koci shi ne mai karɓar kuɗi kuma shi ne mai fitar da sha ɗayan farko, ba a daɗewa ake fara cewa wane ya saya wa kansa riga.

Na uku, kuɗi. Ku rubuta duk abin da za a kashe har ƙarshen gasa: kuɗin shiga, lasin, alƙalin wasa, mota, ruwa, ƙanƙara, ƙwallaye, magani. Ku ɗora kashi ɗaya cikin goma a kai, a ajiye shi gefe don wanda ya ji rauni, kada a taɓa shi don sayen jesi. Karo-karon mako ya zama ɗan abin da kowa zai iya, a karanta shiga da fita a gaban kowa sau ɗaya a wata. Idan uban ƙungiya ko wani mai neman kujera ya yi alkawari, kada ku saka shi a lissafi sai ya shigo hannu.

Na huɗu, rajista, kuma a nan ƙungiyoyi da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Ku yi wa kulob rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharku, ku yi wa kowane yaro lasin da sunansa na gaskiya da ranar haihuwarsa ta gaskiya, daidai da abin da ke kan NIN ɗinsa. Ta wannan ƙofa ake hawa zuwa NLO, wato rukuni na uku na gasar lig ta Najeriya, daga nan NNL, rukuni na biyu, har NPFL, babban rukuni. Akwai kuma dokar FIFA: idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ku dubi Ahmed Musa: ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, ya wuce CSKA Moscow a 2012, sannan Leicester a 2016. A irin wannan ciniki, kulob ɗin da sunansa ke cikin takardun yaro shi ke da haƙƙi. Wanda ya rene shi shekara biyar ba takarda, sai dai ya ce "yarona ne" a majalisa. Rage shekaru kuma yana lalata wannan takarda tun daga tushe.

Tambayoyin lafiya

Kafin kowa ya yi gudu, a zauna da shi shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba, a tambaye shi: ka taɓa suma ko jin ciwon ƙirji a lokacin gudu? Zuciyarka na bugawa ba daidai ba? A danginku akwai wanda ya yanke jiki ya rasu yana matashi? Kana da asma, farfaɗiya, sikila ko hawan jini? Wane rauni ka ji a bara? Duk wanda ya ce e a ɗaya daga tambayoyi ukun farko, likita zai fara gani kafin fili. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana tsakiyar wasa da Angola, Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu a Lafiya a watan Maris na 2020, duk suna da ƙuruciyarsu. A auna jinin kowa, a rubuta lambar wani nasa na gida. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ya gama maganinsa, ya yi kwana biyu ko uku jikinsa ba zafi, sannan ya dawo da sauƙi-sauƙi.

A faɗa a fili tun ranar farko: ba a shan tiramadol ko wata ƙwaya don a buga wasa. Tana ɓoye ciwo ne har tsoka ta tsage mutum bai ji ba, tana iya jawo jijjiga, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024.

Fili da kaya

Ranar Asabar kafin a fara, kowa ya fito da tsintsiya, manjagara da buhu. A jera a layi ɗaya a taka filin daga raga zuwa raga ana tsince kwalba, ƙusa, dutse da tsidau. A cike ramuka da jar ƙasa a daddaɓe, kada a zuba yashi zalla, domin ƙafa na nutsewa a ciki idon sawu ya juya. Idan filin makaranta ne ko na idi, a nemi izini a rubuce, a daidaita ranaku da sauran ƙungiyoyin da ke amfani da shi.

Doka ta yarda da tsawon mita 90 zuwa 120, faɗi 45 zuwa 90. Idan wuri ya isa, ku auna 100 da 64. Don kusurwa ta miƙe, ku sami igiya mai mita 12, ku ƙulla a mita 3 da mita 7, ku haɗa bakinta biyu, mutum uku su ja ta ta yi tsam: kusurwar da ke tsakanin gefe mai mita 3 da mai mita 4 ita ce daidai. Gidan sha takwas mita 16.5 ne daga kowane turke da kuma cikin fili, ɗigon fenariti mita 11, da'irar tsakiya mita 9.15 daga ɗigo. Raga mita 7.32 a faɗi, 2.44 a tsayi. A ja layi da toka ko farar ƙasa. Turakun ƙarfe da ba a binne ba a ɗaure su da ƙasa sosai, domin ƙananan yara na lilo a kansu, kuma idan suka kife suna kisa.

Ƙwallo lamba 5 aƙalla goma sha biyu, wato ɗaya ga mutum biyu, da famfo da allura biyu. Kulob mai ƙwallo uku rabin tirenin ɗinsa a layi yake ƙarewa. A ware biyu masu kyau na ranar wasa. Rigunan rabo kala biyu, usur, agogo, da alamun ƙasa kamar talatin. Robobin lemo da aka cika da yashi sun isa. A kan burji, but mai dogayen haƙoran ƙarfe ba ya kama ƙasa, sai dai ya dami tafin ƙafa da gwiwa. Mai gajerun haƙoran roba masu yawa shi ya dace. Sabon but a fara sa shi minti ashirin-ashirin a tirenin, a shafa man basilin a dunduniya, in ba haka ba bororo zai hana mutum wasa mako guda. Shingad, wato abin kare ƙwauri, dole ne, har a tirenin.

Lokaci, rana da ruwa

Lokaci biyu ne ke akwai: bayan Asuba, daga shida da kwata zuwa takwas saura kwata, ko bayan La'asar zuwa dab da Magariba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, aiki mai nauyi na safe ne. A hunturu a tsawaita ɗumama jiki da minti biyar, a kula da masu asma ranar da ƙura ta yi yawa, a kuma tuna rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe shida. A damina, in aka ga walƙiya aka ji tsawa kafin a ƙirga talatin, kowa ya bar fili ya shiga gini, ba gindin bishiya ba, sai an yi minti talatin ba a sake jin tsawa ba.

Ruwa lita biyu ga kowane mutum a kowane zama. Ga mutum 24, jarka biyu masu lita 25 ke nan, ko jaka biyar ta fiya wata. A tsaya a sha duk minti 15 zuwa 20, ko an ji ƙishi ko ba a ji ba. Tsohuwar maganar nan cewa hana ruwa na ƙara juriya ba ta da tushe, kuma tana da haɗari. In akwai sikeli, a auna mutum kafin da bayan tirenin: duk kilo ɗaya da ya ragu, ya sha lita ɗaya da rabi kafin ya kwanta. Mai yawan gumi da ɗaurewar jijiya a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ɗumama jiki, kullum iri ɗaya

Minti ashirin na farkon kowane zama ba a ciniki a kansu. Tsarin FIFA 11+ shi ne mafi sauƙin bi, ba ya buƙatar komai sai alamun ƙasa layi biyu. Minti takwas na sassarfa: miƙe, buɗe ƙugu waje da ciki, zagaya abokin tafiya, tsalle a haɗa kafaɗa, gaba da baya. Minti goma na ƙarfi da daidaito: kwanciya a kan gwiwar hannu jiki a miƙe kamar katako, irinta ta gefe, tsayuwa a ƙafa ɗaya ana jefa ƙwallo, tsuguno, tsalle da sauka gwiwa a lanƙwashe ba ta karkata ciki ba. Minti biyu na gudu mai sauri da juyawa.

A ciki akwai atisaye ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke tsare bayan cinya. Mutum ya durƙusa a kan tabarma ko riga ninki biyu, abokinsa ya danne masa idon sawu da hannu biyu. Jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kai, sai ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali yana riƙe kansa da bayan cinya, har ya kasa, ya tare ƙasa da tafin hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne karya ƙugu a turo ɗuwawu baya. Da an yi haka aikin ya tashi a banza. A fara da sau biyar, zubi biyu, rana ɗaya a makon farko. Yana sa tsamin jiki sosai, don haka kada a yi zari. Zuwa mako na huɗu a kai sau takwas, zubi uku, rana biyu a mako.

Mako na ɗaya da na biyu

Zama uku a makon farko, Litinin, Laraba da Asabar, kowanne minti 70. Ranar Litinin ba gwaji, ba tsere: ɗumama jiki, fasin bibbiyu, 'yar tsakiya ta mutum biyar da biyu (biyar na fasin, biyu a tsakiya suna neman ƙwace ƙwallo) a murabba'in mita 10, sannan takwas da takwas a fili mai mita 60 da 40, minti takwas sau uku, hutun minti uku a tsakani. Babban fili da mutane da yawa ya fi sauƙi ga jiki fiye da ƙaramin fili, inda ake yawan birki da juyi. Shi ya sa ake farawa da shi.

Ranar Laraba a yi gwajin minti 12: kowa ya zagaya fili iya ƙarfinsa, a ƙirga. Zagaye ɗaya na fili mai 100 da 64 mita 328 ne. Wanda ya yi tara, wato kusan mita 2,950, yana da kyau ƙwarai. Takwas ba laifi. Ƙasa da bakwai, a ware su rukuni guda, a rage musu zubi ɗaya a duk aikin gudu na mako biyu. A rubuta sakamakon a littafi, za a maimaita a mako na biyar.

A mako na biyu zama ya koma huɗu: Litinin, Talata, Alhamis, Asabar. A shigo da gudun minti huɗu sau huɗu rana ɗaya: gudun da mutum ba zai iya yin jimla cikakkiya yana yi ba, da sassarfar minti uku a tsakani. In ana so a yi shi da ƙwallo, a jera alamu a zagayen fili a riƙa ja ana kewaya su. A ƙarshen ɗumama jiki a fara ƙara sauri sannu a hankali, mita 40 sau huɗu, ba a kai ƙarshen gudu ba. Asabar a buga sha ɗaya da sha ɗaya a tsakaninku, minti ashirin sau uku.

A nan koci zai fara gina tsarin wasa, kuma ɗaya ya isa. Ko 4-4-2 ko 4-3-3, a zaɓa bisa yaran da ake da su, ba bisa abin da aka gani a gidan kallo daren Lahadi ba. Fita da ƙwallo daga mai tsaron gida da gajerun fasin abin sha'awa ne a kan ciyawa. A filin da ƙwallo ke tsalle kan tsakuwa, kyautar ci ce ga abokan hamayya. A koya wa 'yan baya huɗu tafiya tare: minti goma sha biyar a kowane zama, koci na yawo da ƙwallo, su kuma suna matsawa dama da hagu da tazarar mita 8 zuwa 10 a tsakaninsu, ɗaya ya fita ukun su rufe bayansa.

Mako na uku da na huɗu

Nan ne nauyi ya fi yawa, nan kuma aka fi jin rauni. A ƙaramta fili: huɗu da huɗu a mita 30 da 20, minti huɗu sau huɗu, hutun minti biyu zuwa uku, da ƙwallaye a jere a gefe don kada wasa ya tsaya. Idan aka ga fasin ya fara lalacewa, an daina bin mutum, a tsayar. Abin da ya biyo baya gajiya ce kawai ba riba.

Rana ɗaya a mako a yi daƙiƙa 15 gudu, 15 hutu, daga layin sha takwas zuwa ɗaya layin, mita 67 ke nan a fili mai mita 100. Sau takwas zubi ɗaya ne. A yi zubi biyu a mako na uku, uku a na huɗu, da hutun minti uku.

Tsere na ƙarshen gudu kuwa a farkon zama ake yin sa, bayan ɗumama jiki, lokacin da ƙafa ke da sauƙi: mita 20 sau shida, mita 30 sau uku, da hutun minti ɗaya zuwa biyu kowane sau. Koci da yawa na ajiye tsere sai ƙarshen tirenin a matsayin horo ga waɗanda aka ci. A daidai wannan lokacin ne, da tsoka ta gaji, za ka ga yaro ya dafe bayan cinya ya tsaya cak.

Kada a haɗa rana biyu masu nauyi a jere. Talata mai nauyi, Alhamis matsakaiciya, Asabar wasa. Kafin a fara kowane zama a tambayi yara yadda suka kwana da inda ke musu ciwo. Wanda ya wuni yana sauke buhunan siminti ya riga ya yi nasa aikin ƙarfin, a bar shi da ƙwallo kawai. Masu tsaron gida kuma kada a bar su tsaye suna jiran a buga musu: minti 25 nasu na kansu a wuri mai laushi da aka tone aka zuba yashi, kamu, faɗuwa gefe biyu, fita ga kurosin. A sanar da su sabuwar dokar da ta fara aiki a Yulin 2025: riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas bugun kwana ne ga abokan hamayya.

Wasannin sada zumunta

Uku sun isa. Na ƙarshen mako na uku da ƙungiyar da kuka ɗan fi, kowa ya buga minti 45, a sauya sha ɗayan gaba ɗaya a hutun rabin lokaci. Na mako na huɗu da tsaranku, waɗanda ake sa ran za su fara gasa su yi minti 60. Na mako na biyar da wadda ta fi ku, su yi 75 zuwa 90. Kafin ranar, tim manajoji biyu su daidaita kan alƙalin wasa wanda ba ɗan kowane ɓangare ba, yawan canji, kalar riga, da wanda zai kawo ruwa. Ku guji ƙungiyar da ke da tsohuwar gaba da unguwarku, ku kuma guji wasan da aka sa kuɗi a kai. Sunansa sada zumunta amma ƙafa ake nema.

Mutum ɗaya ya zauna da takarda ya rubuta abu uku kacal: inda aka fi ƙwace muku ƙwallo, yadda aka ci ku, da mintin da gudu ya fara raguwa. Tirenin ɗin Litinin daga takardar nan zai fito. Kuma kada ku ɗauko sojan haya don ku ci wasan gwaji. Za ku ci, amma ba ku san komai game da yaranku ba, kuma wanda aka ajiye a benci saboda baƙo ba zai manta ba.

Idan rauni ya faru

Jakar magani ta ƙunshi bandeji mai talewa huɗu, filasta, auduga, gauz, aidin, safar hannu, almakashi, da kula mai ƙanƙara. Targaɗe ko tsagewar tsoka: a fitar da mutum, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar. A maimaita duk awa biyu zuwa uku na kwana biyu. A kwana biyun nan ba man zafi, ba gashi da ruwan zafi, ba murza, ba ja. Duk suna ƙara kumburi. Wanda ya kasa taka ƙafa taku huɗu, ko ƙashin wurin ke zafi in an taɓa, hoto za a fara yi a asibiti kafin a yi maganar mai ɗori. Ƙujewa a kan ƙasa a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, rauni mai zurfi kuma a tambayi allurar tetanus.

Wanda aka yi karo da kai ya ji jiri, ya yi amai, ko ya kasa faɗin inda ake da wanda ke cin wasa, ya gama na ranar ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, kuma ba ya dawowa sai likita ya gan shi. Wanda ya fara tangaɗi da sambatu a rana, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, ana yi ana neman mota. Wanda kuwa ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a ɗauka zuciya ce ta tsaya: a kwantar da shi rigingine, a haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a isa asibiti. Ba cusa cokali a baki, ba taruwa a kansa. Kowane zama a san motar wa ko Keken wa ke kusa.

Idan shirin ya faɗo cikin azumi

A mayar da zama minti 45 zuwa 60 kafin shan ruwa, mara nauyi, dabaru da bugun tazara kawai. Aikin gudu a kai shi bayan Tarawihi in akwai fitila, ko a jinkirta shi. Tsakanin buɗa-baki da sahur kowa ya sha lita biyu da rabi zuwa uku, kaɗan-kaɗan.

Mako na biyar da na shida

A farkon mako na biyar a maimaita gwajin minti 12 a lokaci ɗaya da na farko. Daga nan a ba bugun kwana da bugun tazara minti ashirin a kowane zama. Salon bugun kwana iri biyu sun isa, ɗaya turken kusa ɗaya na nesa, kowa ya san inda zai tsaya da wanda zai riƙe in ku ake bugo wa. A fitar da masu fenariti uku a jere tun yanzu, don kada a yi kokawar ƙwallo a gaban jama'a.

Mako na shida a rage yawan aiki da kusan rabi, a bar saurinsa. Zama uku, biyun farko na minti 60, ba wasan sada zumunta, ba sabon atisaye. Zama na ƙarshe kwana ɗaya ko biyu kafin wasa, minti 40. A nan koci zai faɗi sunayen waɗanda za su sa riga, kuma wanda bai samu shiga ba a kira shi gefe a gaya masa dalili kafin ya ji a bakin wani. Littafin halarta shi ne hujja: wanda ya zo zama takwas cikin ashirin da biyu ba ya gaban wanda ya zo ashirin, komai iya yankansa.

Ranar wasa

Daren jajibiri tim manaja ya haɗa lasin, jesi kala biyu, ƙwallaye biyu, jakar magani da kuɗin alƙalin wasa, ya sake kiran direba. In wasan ƙarfe huɗu ne, a ci abinci sha biyu da rabi: shinkafa da wake, taliya ko dankali, mai kaɗan, yaji kaɗan. Tuwo mai nauyi da fura a bar su sai dare. Awa ɗaya kafin wasa ayaba ɗaya ko dabino uku da ruwa rabin lita.

A isa fili awa ɗaya da rabi kafin lokaci. A taka shi a ga ramuka da inda rana za ta faɗa wa mai tsaron gida a zagaye na biyu, kyaftin ya san gefen da zai zaɓa. A miƙa takardar sunaye, a duba lasin abokan hamayya fuska da hoto, a tambayi yawan canjin da dokar gasar ta yarda. A daidaita da alƙalin wasa kan sallar La'asar da hutun shan ruwa tun kafin a fara. Ɗumama jiki minti 25, a gama saura minti goma. Ƙungiyar da ba ta kai mutum bakwai ba ba a fara wasa da ita, don haka masu zuwa da kansu a ba su lokacin da ya riga na gaskiya da rabin awa.

A hutun rabin lokaci, minti uku na farko na ruwa da numfashi ne, ba mai magana. Sannan koci ya faɗi gyara biyu, uku in ya yi yawa. A sa dattawa biyu na unguwa a gefen magoya bayanku, domin dutse ɗaya da wani yaro zai jefa na iya jawo a kwashe muku maki ko a kore ku daga gasar. In kuna da ƙorafi kan ɗan wasan da ba shi da lasin, kyaftin ya sanar da alƙalin wasa, tim manaja ya rubuta ya miƙa cikin wa'adin da dokar gasar ta sa, da kuɗin ƙorafin in akwai.

Bayan an tashi, sassarfar minti biyar, ruwa, da abinci cikin awa ɗaya, ko da gurasa da ƙwai ne ko kunun gyaɗa. A ƙirga jesi da ƙwallaye kafin mota ta tashi. A rubuta mintin da kowa ya buga da katin da ya samu, saboda katin gargaɗi na taruwa ya hana mutum wasa. Washegari hutu ne. Ranar Litinin waɗanda suka buga fiye da minti 60 su yi aiki mara nauyi na rabin awa, waɗanda suka zauna a benci kuma su yi huɗu da huɗu, minti huɗu sau huɗu.